Barka da Arzikin da Aka Yi Mana

Nasarawan Doya,
Ta hanyar Makarfi,
Jihar Kaduna.
Nuwamba, 1986.

Zuwa ga Yaya Judith,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Saje Ashafa da yara gaba ɗaya a can barikin Ibadan. Allah ya tsare shi a bakin aikinsa, ya ƙara muku lafiya da kwanciyar rai. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah. Masara ta shiga rumbu, ana cikin yankan dawa, rake kuma ya kusa isa sara. Ɗan'uwanki Yaya Ilisha, wan baban yara, yana fama da gwiwarsa kamar kullum, amma bai daina zuwa gona ba. Takardarki ta ta'aziyya ta iso tun farkon damina tare da zanen da kika aiko, Allah ya saka da alheri. Ki yi mini aikin gafara da ban amsa da wuri ba. Sau da yawa nakan ɗauki biro in rubuta gaisuwa, sai in rasa ta inda zan ci gaba.

Kin tambaye ni me ya kashe ƙanenki, baban yarana, tunda abin da aka aiko miki kawai shi ne ya faɗi a fadama. Haka ne, a fadama ya faɗi. Amma ni a wurina motar nan ce ta kashe shi, wadda ta kife da su a hanyar Makarfi shekarar da soja suka karɓi mulki daga hannun farar hula, sai dai ta ɗauki lokaci kafin ta gama. Kuma na san ranar da na gane haka. Lokacin dafa mazarƙwaila ne, wajen shekara guda bayan haɗarin. Kin san shi da hanci. Tun yana saurayi, yana can yana kora doki a injin matse rake zai ɗaga kai ya ce a sauke kasko ya yi, in an sauke kuwa a tarar ya yi ɗin. Masu rake har daga Gubuchi suke kiransa ya tsaya musu a kan wuta. To, rannan na kai musu abinci, tun daga gindin tsamiya ƙauri ya tare ni. Na ɗauka babu kowa a wurin ne. Da na iso sai na same shi tsaye daidai kan kaskon, ludayi a hannu, idonsa a kan doki, hankalinsa kwance, alhali ruwan rake ya riga ya kama ya yi baƙi. Na ce baban yara, ba ka ji ba ne? Ya sunkuya ya shaƙa, ya sake shaƙa, sannan ya dube ni ya ce, "Matta, tun ranar motar nan ban ƙara jin ƙanshin komai ba." Yaya, duk tsawon wannan lokaci yana shigowa gida yana ce mini miyar nan tana ƙanshi. A wurin na ajiye kwano na zauna a kan tarin ɓawon rake.

Bari in koma baya, tunda ke ba kya nan, labari kawai kika ji. Ranar kasuwar Makarfi ce. Sun hau a-kori-kura, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, shi da 'yarki, ta farin nan tawa wadda kin san ba na kiran sunanta, tana taya shi kai barkono. Lokacin taya ta yi wuya ƙwarai, direbobi suna ta faci a kan faci har zare ya fito. A gangaren da ke kafin kwalbati tayar gaba ta fashe, mota ta juya da su ta kife. Tukur, mijin Indo maƙwabciyarmu, ko shurawa bai yi ba, shi da wata mata da ta hau a hanya. Maiwada mai gyaran keke cinyarsa ta karye. Baban yara kansa ya bugi ƙarfen mota, ya ɗan kwanta shiru, sannan ya miƙe da ƙafarsa, ko ɗigon jini babu. Shi ma ya taya ɗaukar masu rauni. Yarinya kuwa ta faɗa kan buhunan barkono, ba abin da aka gani a jikinta sai tari da hawaye saboda yaji.

A wannan mako gaisuwa iri uku ake yi a unguwarmu. Mutane su shiga gidan Indo su yi ta'aziyya, su wuce gidan Maiwada su yi sannu da jiki, sannan su ƙare a namu su ce barka da arziki. Da gangan suke barin namu a ƙarshe, don su koma gida da sanyin zuciya. Musulmi da Kirista, har daga Kudan, ba wanda bai zo ba. Muka yi dambu aka ci, muka kai godiya majami'a, ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida. Ke ma a takardarki ta lokacin abin da kika rubuto ke nan, barka da arziki. Ba wanda ya yi laifi, abin da ido ya gani ke nan. Sai dai ban san cewa wanda ya karɓi barka bakinsa ya rufu ba. Wani farin ruwa ya yi ta ɗiga daga hancinsa kwana da kwanaki, muka ce mura ce. Ciwon kai kuwa sai ya riƙa ɗaure shi da tsumma a ƙarƙashin hula. In na ce mu je asibiti sai ya nuna mini katanga da haɓa. Kin san katangar da ke tsakaninmu da gidan Indo ba ta da tsawo, ita kuma tana can cikin takaba da ƙananan yara. Ya ce da wane baki zai yi nishi matar Tukur tana ji?

Shi Maiwada da kowa ya ga karayarsa, an kai shi wajen maɗori aka ɗaure da kara, aka yi ta gashi, mata suna aika masa romo. Yau yana nan, yana ɗingishi amma yana tuƙa keke har Ikara. Ranar bison baban yara ya kama hannun Yaya Ilisha yana kuka, yana cewa ashe shi ne ya yi arzikin, da nasa ya fito fili.

Bayan maganar kasko sai na fara lura da sauran, ko in ce na fara yarda da abin da idona ya daɗe yana gani. Mutumin da kika sani, wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya zama abu kaɗan sai faɗa. Ya taɓa wurgi da kwano don yara sun yi dariya kusa da shi, bayan nan ya zauna yana duban hannunsa kamar ba nasa ba. Ƙarar daka ba ya iya jure ta, har na mai da turmina gidan Indo. A majami'a shi ke ɗaga waƙa tun kafin aurenmu, sai ga shi ya ɗaga ya tsaya a tsakiya, kalmomin sun gudu, mata suna ƙarasa masa. Masu rake suka daina kiransa. Ba wanda ya faɗa masa dalili, shi ma bai tambaya ba. Sai kuma faɗuwa ta zo. Ta farko a gona ce, ya sandare yana kumfa, ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba. Wasu suka ce iskokin fadama ne, wasu suka ce sammu ne saboda rigimar iyaka. Yaya Ilisha ya hana a furta kalmar farfaɗiya a gidan nan, ya ce ba mu gaje ta ba, kuma akwai 'yan mata a gida. Fasto ya zo da dattawa suka yi addu'a, Indo ta kawo wata saiwa ta turare, duk na karɓa da hannu biyu.

Bara da kaka na matsa masa muka tafi wani asibiti a Zariya. Muka yi layi tun safe har rana ta karkata. Da aka kira shi aka ce in jira a bakin ƙofa, mai ciwo kaɗai ake so. Ya fito da takardar magani, fuskarsa a sake. Sai a mota, muna hanyar dawowa, na ce me likita ya tambaye ka? Ya ce ya tambaye shi ko ya taɓa buguwa a ka. Na ce to, ka dai ba shi labarin motar. Ya ce, "A'a na ce masa. Waɗanda suka bugu ai an san su. Ni barka aka yi mini." Yaya, ba ƙarya ya yi niyya ba, kin san halinsa. Har cikin ransa bai lissafa kansa cikin waɗanda motar ta ji wa ciwo ba. A cikin motar nan na yi masa magana irin wadda ban taɓa yi masa gaban mutane ba, har wata tsohuwa da ke rungume da kaza ta ce 'yar nan, ki bari ya isa gida tukuna sai ki ƙarasa shi. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya yi mini alkawari in an gama rake za mu koma ya ba da labarin yadda yake. Ƙwayar da aka rubuta masa ta yi aiki, faɗuwa ta ragu ƙwarai. Amma kafin Kirsimeti ta ɓace. Kemis na Makarfi babu, na Ikara babu. Sabulu da madara ko ba komai akwai layinsu, mutum ya tsaya soja yana gyara shi da bulala, ya samu ko ya rasa. Wannan kuwa ko layin babu.

Da aka gama rake sai ya ce a bari a cire albasa tukuna. Bayan Ista da 'yan kwanaki ya tafi ban ruwa da safe. Da rana ta take 'yarki ta kai masa kunu, ita ta same shi kife a cikin kwarin da ruwa ke bi zuwa fangali, ruwan da ko idon sawu bai rufe ba. Abin ya kama shi ba kowa kusa. Wannan ita ce faɗuwar fadama da aka aiko miki.

To, Yaya, ba don in tayar miki da kuka na rubuta duk wannan ba. Shi ya tafi wurin hutawa. Maganar 'yarki ce, don ita ma barka aka yi mata. Kin san kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na zaunar da ita in ce ina ke miki ciwo, ko na yi ma tashi za ta yi ta bar mini wurin. Da gefen ido nake kallonta, kuma ga abin da gefen idon ya gani. Tun bara ta daina ɗaukar ruwa a ka, sai ta rungumo bokiti a kwankwaso, 'yan matan rijiya suna yi mata tsiya wai 'yar boko ba ta son gammo ya ɓata mata kitso. In an kira ta daga baya ba ta waiwayawa, sai ta juyo da jikinta duka. Allura takan faɗi daga hannunta na dama ba ta sani ba, sai ta ga tana jan iska. Kwanan baya ta ɗauki murfin tukunya daga kan wuta da yatsu biyu, ta daɗe riƙe da shi tana duba miya, sai da ƙanwarta ta yi ihu sannan ta saki, fatar ta riga ta tashi. Na shiga ɗaki. Kaskon nan ne ya dawo mini gaba ɗaya.

Da yake ni bakina ba zai iya ba, sai na roƙi Indo ta tambaye ta, don tun tana ƙarama a gidanta take wuni. Indo ta zaunar da ita tana yi mata kitso, ta ja ta da hira, ta ce wannan wuya naki kamar taɓarya, mutum ya karkata shi ya ƙi, tun yaushe? Yarinya ta ce tun ranar motar ne, wani lokaci kamar ana zuba mata tururuwa daga wuya har yatsu. Indo ta ce shi ne ba ki gaya wa kowa ba? Ta ce, "Inna Indo, ni ai barka aka yi mini. Ke ce kika yi rashi." Yaya, ba ta taɓa jin ubanta ya faɗi haka ba, don a motar Zariya ya faɗa mini, ba ta wurin. Indo ta leƙo ta kan katanga, kibiyar kitso a hannunta, tana hawaye. Ta ce, "Matta, ashe saboda ni kuke ɓoye ciwo a gidan nan? Wa ya sa ku? Nawa rana ɗaya ya tafi, na yi kukansa na share ido. Ku kai yarinyar nan asibiti."

Da na kai auta allura Makarfi sai na tambayi malamin asibiti, ban ce 'yata ce ba. Ya ce irin wannan sai an ɗauki hoton ƙashin wuya, mai yiwuwa wani abu ne ya goce yana danne jijiya, kuma kada mai shi ta kuskura ta ɗora kaya a ka. Ya ce sai dai fim ɗin hoton ya yi wuya yanzu, mutane suna zuwa birni ana ce musu su dawo, wai wajen soja ne ake jin akwai shi. Na kai wa Yaya Ilisha maganar, na durƙusa na faɗa masa. Ya saurare ni, ba zan ce bai saurare ni ba, shi ma rasuwar ta taɓa shi fiye da yadda yake nunawa. Amma ya ce yarinyar da ke cin tuwonta tana tafiya da ƙafarta, me za a ce an kai ta yi? Ya ce in aka ji an kai ta asibiti, gobe garin nan zai ce abin ubanta ne ya kama ta, a shafa wa ƙannenta, a shafa wa nasa 'ya'yan. Ya ce baƙin ciki ne, zai wuce. Ga shi kuma za a ɗaura doki a inji kafin Kirsimeti, ya riga ya ce duk 'yan matan gida za su yi jigilar rake daga fadama kamar kowace shekara. Kin san nauyin ɗaurin rake, kin ɗauka kina yarinya. Bara ta tsira don ita ke bin ubanta saboda faɗuwa. Bana ba ta da hujja, kuma na san ba za ta buɗe baki ta ce ba za ta iya ba. Gammo za ta naɗa ta sunkuya a ɗora mata.

Ga abin da nake roƙonki. Ke ce gwaggonta, ke ce babba a ɗakinku, ke kika goyi Yaya Ilisha. In kika ce a ba ki 'yarki, ba shi da ta cewa. Ki aiko a ɗauke ta kafin a fara rake, ko ki rubuto masa, ni zan nemi wanda zai rako ta a jirgin ƙasa daga Zariya. Ko ki gaya masa dalili ko ki ce aikin gida ne ya yi miki yawa, wannan ke kika san ɗan'uwanki. Ki roƙar mini Saje ya sama mata hanya a asibitin bariki. Ban san abin da hoton zai nuna ba, ban kuma sani ba ko abu ne mai gyaruwa, malamin ma bai yi mini alkawarin komai ba. Amma a duba. Abu ɗaya na fi roƙonki a kai: in an kira ta, ki shiga tare da ita. Kada ki yarda a tsayar da ke a bakin ƙofa yadda aka tsayar da ni. In likita ya tambaya ko ta taɓa buguwa, ke ki amsa. Ki ce mota ta kife da ita tana 'yar shekara goma sha uku, ki ce ubanta ma yana cikin motar, ki faɗi yadda ya ƙare. Za ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Kada ki ji wannan. In kun shiga mota kuma za ki ga tana runtse ido duk inda aka zo gangare. Kada ki yi mata magana, ki dai riƙe mata hannu. Na hagu za ki riƙe, shi ne yake ji.

Ki gaishe mini da Saje Ashafa da kyau, da Iliyasu da Bernice, da autanki da ban gani ba tukuna. Matan Zumunta suna gaishe ki, sun ce kujerarki tana nan. Indo ta ce in tambaye ki ko Yarbanci kika koya shi ya sa kika manta hanyar gida. Maiwada ma yana gaisuwa. Yara duka suna gaida gwaggonsu.

Za su nemi suna don su rubuta a kati. Kin san shi, ke ma kika zaɓa mata, amma ina so sau ɗaya ya fito daga hannuna, tunda bakina bai taɓa kiran nata ba, bai taɓa kiran na ubanta ba: Filomina Istifanus. Ba ta san na rubuto miki ba. Shi ubanta mun yi masa duk abin da ake yi wa wanda ya riga mu. Ita ce har yau ba a ɗauki hoton wuyanta ba, kuma tun ranar motar nan ba wanda ya shigo gidan nan ya ce mata sannu da jiki.

Ni ce matar ƙanenki,
Matta.